Aji Shida: Inda Ƙarin Karatu Yake Fara Rage Maki

Ɗalibin da ya gama sakandare a Najeriya a 2025 ya shiga ɗakin jarabawar JAMB, ta neman gurbin manyan makarantu, tsakanin 24 ga Afrilu da 5 ga Mayu. A daidai lokacin WAEC ta fara tata ta kammala sakandare, ta ja har bayan tsakiyar Yuni. Bai ajiye biro ba NECO ta kankama, ba ta sake shi ba sai ƙarshen Yuli. Ɗan makarantar Arabiyya yana da ta NBAIS, ɗan makarantar fasaha yana da NABTEB, sannan a gaba ga tantancewar jami'a da ake kira Post-UTME. Wata uku cur ke nan yaro ɗan shekara 16 ko 17 yana cikin jarabawa, a watannin da zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yake taɓa digiri 40, ga rashin wuta, daga baya damina ta sauka da sauronta da zazzaɓinta. A jihar Kano ma tun daga aji biyar ake fara tseren, domin jarabawar kwalifayin ce take raba wanda gwamnati za ta biya wa kuɗin NECO da wanda zai koma kan iyayensa.

Jarabawowin nan ba abu ɗaya suke nema ba, ko da manhajar ta yi kama. WAEC da NECO darasi takwas ko tara ne, kowanne da takardar zaɓi, da ta dogon rubutu, ga na kimiyya kuma da ta gwaji a ɗakin lab. Suna son ka yi bayani, ka nuna matakan lissafi, ka zana ka sa suna. JAMB darasi huɗu ce kacal, a kwamfuta: Turanci tambaya 60, sauran ukun 40-40, jimilla 180 cikin awa biyu. In ka raba, daƙiƙa 40 ce ga kowace tambaya. Sauri take so da gane tarko. Yaron da yake shirya wa dukkansu da salo guda, wato buɗe littafi ya yi ta bi da ido, taura biyu yake son taunawa lokaci ɗaya, kuma yawanci a watan Maris ko Afrilu ake fara ganin alamun sarewa a jikinsa.

Malamai da iyaye suna da kalmominsu. Wai yaro ya yi sanyi, ko kansa ya toshe, ko karatu ya fita daga ransa. In an ji haushi a ce lalaci ne. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sa wa abin ido. Christina Maslach ta Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli ta nuna cewa irin wannan sarewa tana da fuska uku: gajiyar da barcin dare ɗaya ba ya gusarwa, ƙosawa da abin da a da ake so har a riƙa cewa “me ma amfaninsa”, da jin cewa duk ƙoƙarin da aka yi ba ya haifar da komai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana sarewa da waɗannan siffofi uku, sai dai ta taƙaita ta ga wurin aiki. Ga ɗan aji shida kuwa, makaranta ita ce wurin aikinsa, kuma awanninsa sun fi na ma'aikacin gwamnati yawa.

A rarrabe sarewa da fargabar jarabawa. Fargaba tana zuwa ne in abin ya matso: zuciya ta riƙa dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, ciki ya murɗa. Jiki ne yake sakin sinadaran adirenalin da kotisol don ya shirya, kuma kaɗan daga cikinta tana wasa ƙwaƙwalwa. Tana wucewa in an fito. Sarewa kuwa ba ta da ranar fita. Yaro yana zaune gaban littafi awa uku, shafi biyu ya juya. Malalaci in ka ba shi waya ko ƙwallo sai ya wartsake. Wanda ya sare ko ƙwallon ba ta yi masa daɗi. Wannan bambanci kaɗai ya isa uba ya san ko faɗa ake bukata ko hutu.

Tushen matsalar yana cikin lissafin yini. Ɗauki ɗalibar jeka-ka-dawo a birni. Ta tashi asuba wajen ƙarfe biyar, ta yi shara da wanke-wanke, wata ma ta je hadda kafin boko. Makaranta daga bakwai da rabi zuwa biyu, lasin na dole zuwa huɗu. Islamiyya zuwa magariba. Girkin dare. Lasin JAMB a ƙarshen mako. Karatun kanta sai bayan isha'i, da fitila mai caji, ga waya a gefe tana haske da saƙonnin guruf ɗin aji, inda ake ta yaɗa jita-jitar tambayoyin da wai za su fito. Ta kwanta sha biyu da rabi. Barcin awa huɗu da rabi ke nan. Namiji kuma a madadin girki akwai shago ko gareji. Ɗan makarantar kwana yana da firef na dare, sannan in an kashe wuta ya shige bargo da tocila. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Yaranmu da dama rabin haka suke samu, wata da watanni.

Ana ɗaukar barci a matsayin lokacin da aka sace daga karatu. A gaskiya a cikinsa ake kammala karatun. Abin da aka koya da rana yana fara zama ne a wani sashe na ƙwaƙwalwa mai ajiyar wucin gadi, kuma a lokacin barci mai nauyi ne ake maimaita shi ana ƙulla shi da ajiya mai ɗorewa. Wanda ya kwana karatu har asuba, ƙafafu cikin bokitin ruwan sanyi, ya zuba hatsi a buhu amma bai ɗinke bakin ba. Washegari abu biyu ke faruwa: abin da ya karanta bai zauna ba, kuma hankalin da zai rarrabe “which of the following is not” da “which of the following is” ya dushe. Makin da ake zubarwa ta wannan hanya, na rashin lura, ya fi ba da takaici, domin yaron ya san amsar.

Sai a nemi taimakon kofi, ko shayi mai kauri, ko goro, ko lemon ƙara kuzari. Sinadarin kafin da ke cikinsu yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Kofin ƙarfe goma na dare, rabinsa yana nan da ƙarfe uku, don haka ko an kwanta barcin sama-sama ne, a tashi a gajiye, a sake sha. Yana kuma ƙara bugun zuciya da rawar hannu, waɗanda yaro yake fassarawa da tsoro. Ƙa'ida mai sauƙi: in dole sai an sha, a tsaya daga azahar. Batun tiramol da kodin da wasu abokai ke miƙawa da sunan “maganin karatu” kuwa, wannan ƙofar jaraba ce. Tiramol mai yawa yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba.

Abin mamaki, maganin rabin wannan wahala yana cikin makarantar allo, wadda yawancin yaran nan suka bi ta cikinta. Almajiri ba ya wanke allonsa don ya karanta shi sau ashirin. Sai ya kife allon ya kawo karatun da ka, malam ko gardi yana saurare yana gyara masa. Bayan ya wuce gaba ma ba a barin na baya: akwai tishi, akwai tilawa, ana komawa izun da aka wuce kafin ya gudu. Alhamis da Juma'a kuma hutu ne. Abu uku ke nan: kawowa da ka, komawa baya a kan tazara, da ranar ajiye allo. Yaron da ya haddace izu goma da wannan tsari, in ya zo kan Bayoloji sai ya watsar da shi, ya koma ja wa layi da jan biro.

Binciken zamani ya zo ya gaskata tsangaya. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a awanni da kwanakin farko bayan koyo, kuma kowace maimaitawa tana rage gudunta. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗalibai nassi: wasu suka yi ta sake karantawa, wasu suka karanta a zama ɗaya suka rufe suka riƙa rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu sake karantawa ne a gaba. Bayan mako guda sai labari ya juya, masu gwada kai suka tuna kashi 61 cikin ɗari, masu sake karantawa kashi 40. Sakamakon minti biyar ɗin nan shi ne yaudarar. Sake karantawa yana sa shafi ya zama sananne a ido, yaro ya ji kamar ya iya, sai a ɗakin jarabawa ya ga ganewa daban, fitowa da abu daga ka daban. Daga nan ya yanke hukuncin cewa bai yi karatu da yawa ba, ya ƙara awanni, ya rage barci, sakamakon gwaji na gaba ya ƙara faɗuwa. Haka da'irar take juyawa har ya sare.

A aikace, awa biyu zuwa uku na karatun kai a rana sun isa, in an yi su daidai. A yanka su zama-zama na minti 40 zuwa 45, da tashi na minti goma a tsakani, tashi na gaske, a sha ruwa a taka ƙafa, ba a ɗauki waya ba. Kowane zama a raba shi uku: minti goma na farko a rufe littafi a rubuta abin da aka tuna daga jiya, minti ashirin na sabon abu, sauran a amsa tsofaffin tambayoyi biyar zuwa goma a kan wannan babin. A koma kan babin washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, sai bayan mako uku. Darasi mai lissafi, irin su Fiziks da Lissafi da Kemistiri, a ba shi lokacin da kai ya fi sanyi, wanda a ƙasar zafi bayan asuba ne. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 tana taimakawa. In ta kai awa biyu sai ta cinye barcin dare. Yini ɗaya a mako, ko aƙalla rabin yini, babu littafi.

Akwai wani ƙaramin littafi da ya fi manyan tasiri, wato littafin kurakurai. Duk tambayar da aka faɗi a rubuta ta, a sa mata ɗaya daga alamomi uku: ban sani ba, na sani na manta, ko na yi gaggawa. Bayan mako biyu a ƙirga. In “ban sani ba” ta fi yawa, a koma wurin malami da babin. In mantuwa ce, tazarar tishi ta yi nisa. In gaggawa ce, matsalar barci ce ko ta rashin saba wa agogo, kuma ƙarin karatu ba zai taɓa ta ba. WAEC tana wallafa rahoton manyan masu makin jarabawarta a kan kowane darasi, inda suke faɗin takamaiman wuraren da ɗalibai suke zubar da maki, kamar rashin sa ma'aunin amsa ko zane babu suna. Malamai kaɗan ne suke karanta wa ɗalibansu shi.

Ta fannin JAMB, yawan firgicin yaran karkara da na makarantun gwamnati daga na'urar yake, domin wasu ranar ce farkon zamansu gaban kwamfuta. Ba a fafe gora ranar tafiya. A zauna gwaji cikakke, tambaya 180 da agogo, aƙalla sau huɗu ko biyar kafin ranar, a kuma yi rajistar jarabawar gwaji ta hukumar in da hali. Ba dole sai an iya linzamin kwamfuta ba: A, B, C, D na zaɓen amsa ne, N na zuwa gaba, P na komawa baya, S na miƙawa. A zagaye na farko a amsa abin da aka sani nan take, duk tambayar da ta haura minti ɗaya a wuce ta. Ba a rage maki don kuskure, saboda haka kada a bar gurbi ko ɗaya babu amsa. In kai ya ɗauke tsakiyar jarabawa, a ɗaga hannu daga madannai, a ja numfashi ana ƙirga huɗu, a sake shi ana ƙirga shida, sau biyar ko shida. Minti ɗaya ya tafi, amma fitar da numfashi a hankali yana rage bugun zuciya, kuma tambaya ɗaya da rabi kawai aka yi asara.

Nauyi mafi girma dai daga gida yake zuwa, kuma yawancinsa rashin sanin yadda ake ba da gurbi ne. A 2025 kusan mutum miliyan biyu suka zauna JAMB, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 cikin 400 ba. Uban da yake ce wa ɗansa “ɗan wane ya ci 300, kai me ya hana ka” yana auna shi ne da 'yan tsiraru ƙwarai. A shekarar, mafi ƙarancin makin da aka amince da shi 150 ne ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin jinya, 100 ga kwalejojin fasaha da na ilimi, kowace makaranta kuma tana ɗaga nata katof. Cunkoson a wasu ƙofofi ne. Likitanci da lauya suna da adadin da hukumomin sana'arsu suka ƙayyade wa kowace jami'a, don haka mai 280 yana iya rasa likitanci alhali gurabe suna zaune babu kowa a fannin koyarwa da noma. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko, waɗanda yawancin jihohin Arewa suna ciki. Ma'ana, zaɓen jami'ar da jiharka take cikin yankinta yana iya fin ƙarin maki 20 amfani.

Makin JAMB ma ba shi kaɗai ake kallo ba. Jami'ar Legas, alal misali, tana ba JAMB kashi 50, tantancewarta 30, sakamakon sakandare 20. Ana raba makin JAMB da takwas: 240 ya zama 30, 280 ya zama 35. Maki 40 ɗin da yaro ya hana idonsa barci a kansu sun koma biyar. A wannan tsari kuwa tazarar A1 biyar da C6 biyar ta kai goma. Kowace jami'a da nata lissafin, kuma zama ɗaya na awa guda a karanta shi tun a zangon farko yana sauya inda za a zuba ƙarfi. Ga wani abin: sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, na WAEC da NECO ba ya lalacewa. Kiredit biyar har da Turanci da Lissafi jari ne na har abada, kuma yawancin darussa suna karɓar haɗin sakamakon zama biyu, ko da yake likitanci a jami'o'i da yawa zama ɗaya ake so. In ƙarfin yaro ya ragu har dole a zaɓa, kiredit ɗin nan biyar ake karewa.

Yaron da ya san akwai ƙofa ta biyu ya fi natsuwa a gaban ta farko. Akwai IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello take kula da ita, da JUPEB, waɗanda suke kai mutum aji biyu na jami'a kai tsaye. Akwai difloma da NCE, su ma ana shiga jami'a da su. Akwai makarantun share fage irin ta Funtuwa. Ana canza darasi ko makaranta bayan fitowar sakamako. A faɗa wa yaro waɗannan tun kafin jarabawa, ba ranar da yake kuka ba. 'Yan mata kuma suna ɗauke da wani kaya na daban, domin a gidaje da yawa ana faɗa musu a fili cewa in ba a ci ba sai aure. Yarinyar da take amsa tambayar Kemistiri da wannan magana a kanta, rabin hankalinta ba ya kan takardar. Abin da uwa za ta iya yi mai auna shi da awa: ɗauke mata girkin dare da wanke-wanke daga Maris zuwa Yuli, da roƙon malamin Islamiyya ya sassauta sabuwar hadda a bar ta a kan tilawa.

Shekarar 2025 ta kuma nuna cewa wani sakamakon ba daga yaron yake ba. A watan Mayu shugaban JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi mutum 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu jarabawa. A ƙarshen watan, takardar Turanci ta WAEC ta makara har yara a wurare da dama suka rubuta ta da dare da hasken tocila. A Agusta WAEC ta fara sanar da cewa kashi 38.32 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure a makin wasu takardu, adadin ya koma 62.96. Gidaje nawa aka yi wa yaro tsawa a tsakanin sanarwar biyu? Ranar da sakamako ya fito ba ranar yanke hukunci ba ce, kuma kada a bar yaro shi kaɗai da waya a wannan yinin.

Jiki magayi, sai dai yana faɗin abubuwa masu kama da juna. Kafin a ce sarewa ce, a gwada zazzaɓin cizon sauro, a auna jini musamman ga 'yan mata masu yawan zubar jini a al'ada, a duba ido in ciwon kan yana zuwa ne bayan karatu. Sarewa zalla tana sauƙi in an ba yaro kwana uku zuwa biyar na cikakken barci da rage kaya. In an yi haka bai sauya ba, kuma ya kai mako biyu yana cikin baƙin ciki kusan kullum, ya daina cin abinci ko wanka, yana keɓe kansa, yana cewa shi nauyi ne a kan iyayensa ko gara ma ya mutu, to an wuce batun jadawalin karatu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin. A kwashe maganin ƙwari da ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, wani babba ya zauna tare da shi, a kai shi asibiti a ranar, ana addu'a ana tafiya. Asibitocin koyarwa suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitocin tarayya na wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. WAEC da NECO duka suna da jarabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara, JAMB kuma tana buɗe sabuwar rajista a farkon mai zuwa.